Likitan da Ke da Lokacinka: Riba da Haɗarin Karatun Naturofati

A shekarar 2017 mujallar likitoci ta BMJ Open ta wallafa wani bincike da ya tattaro bayanai daga ƙasashe 67 a kan tambaya guda: minti nawa likita ke yi da marar lafiya idan ya shiga ganinsa? A Suwidin abin ya kai minti 22 da rabi. A Bangladash kuwa daƙiƙa 48 ne kacal. A ƙasashe 18, waɗanda mutanensu suka kai kusan rabin al'ummar duniya, minti 5 ne ko ƙasa da haka. Shekara guda bayan nan wasu masu bincike a Amurka suka saurari faifan hirar likitoci da marasa lafiya, suka tarar ko da likita ya ce wa mutum ya faɗi abin da ke tafe da shi, yawanci daƙiƙa 11 yake ba shi kafin ya tari numfashinsa.

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya yanki kati, ya wuni a kan benci, aka kira shi, bai gama zama ba an miƙo masa takardar magani, ya san abin da waɗannan alƙaluma ke nufi. Likitan ba mugu ba ne, mutum saba'in ke jiransa a waje. Amma marar lafiya yakan fito da maganar da ta kawo shi tana nan a cikinsa.

A wannan giɓi ne wata sana'a ta kafa rumfarta a Amurka da Kanada da wasu ƙasashe. Sunanta naturofati, wato jinya da abinci da tsirrai da ruwa da motsa jiki da gyaran yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa, bisa imanin cewa jiki na da ikon warkar da kansa idan an kawar masa da abin da ke hana shi. Zuwan farko wurin likitan naturofati yakan ɗauki awa guda zuwa awa guda da rabi. Zai tambaye ka me ka ci jiya da shekaranjiya, ƙarfe nawa kake kwanciya, yaya fitar bayan gida, yaya zamanka da iyali, wace cuta ce ta yi ajalin kakanninka. Mutane da yawa sukan fito daga irin wannan zama suna cewa yau ne aka fara sauraronsu. Matasa da yawa kuma, musamman waɗanda suka yi jinyar wani nasu suka ga yadda asibiti ke gaggawa, wannan ne ke jawo su su nemi shiga sana'ar.

Niyyar tana da kyau. Sai dai hanyar tana da ramuka waɗanda takardun tallar makarantu ba sa ambata.

Daga kogin Danub zuwa Niyok

Tushen abin yana ƙasar Jamus. Wani limamin Katolika mai suna Sebastian Kneipp, wanda aka haifa a 1821, ya yi fama da ciwon huhu yana ɗalibi, sai ya riƙa shiga ruwan kogin Danub a tsakiyar hunturu. Da ya samu lafiya ya danganta hakan da ruwan. Daga baya ya mayar da ƙauyen Wörishofen da ke Bavariya matattarar masu neman waraka, inda ake sa mutane tafiya ba takalmi a kan raɓa, ana kwara musu ruwan sanyi, ana ba su ganyaye da abinci marar maiƙo. Cikin waɗanda suka je wurinsa akwai wani saurayi Bajamushe, Benedict Lust, wanda ya koma Amurka a 1896 da niyyar yaɗa koyarwar malaminsa. A farkon shekarun 1900 ya buɗe makarantar naturofati a birnin Niyok, ya haɗa jinyar ruwa da azumi da tausa da ganyaye da duk wata hanya da ba ta buƙatar wuƙar fiɗa ko ƙwayar kanti.

A lura da zamanin. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin, ba a daɗe da daina tsaga jijiya ana zubar da jinin marar lafiya ba, ana kuma ba mutane sinadarin zaiba a matsayin magani. Wanda aka ce wa ya huta, ya sha iska, ya ci abinci mai kyau, sau da yawa ya fi wanda aka ɗura wa guba samun sauƙi. Kasuwar Lust ta buɗe ƙwarai.

Sai abubuwa biyu suka karya ta. A 1910 rahoton Abraham Flexner ya sa aka tsaurara ƙa'idojin makarantun likitanci a Amurka, aka rufe da yawa daga cikin waɗanda ba su tsaya a kan kimiyya ba. Bayan haka fenisilin da alluran rigakafi suka zo suka yi abin da ruwan sanyi bai taɓa yi ba. Zuwa tsakiyar ƙarnin sana'ar ta kusa mutuwa. A 1956 aka kafa wata ƙaramar kwaleji a Portland ta jihar Oregon, wadda yau ake kira NUNM, kuma ita kaɗai ta riƙe tutar na tsawon shekaru. A 1978 wasu da suka fito daga cikinta, ciki har da Joseph Pizzorno, suka buɗe wata a Seattle suka sa mata sunan malaminsu John Bastyr. A shekarar ne kuma aka kafa ta Toronto a Kanada. A 1989 ƙungiyar likitocin naturofati ta Amurka ta amince da ƙa'idoji 6 da ake karantar da kowane ɗalibi har yau: jiki na warkar da kansa, a nemo tushen cuta, kada a cutar, likita malami ne, a dubi mutum gaba ɗayansa, a fifita rigakafi. Babu likitan asibiti da zai yi musun mafi yawansu. Rigimar tana wajen abin da ake aikatawa da sunansu.

Shekara huɗu, sannan me?

Wanda ke son zama likitan naturofati mai lasisi a Arewacin Amurka sai ya fara da digirin farko, da darussan ilmin halittu da na sinadarai. Daga nan ya shiga ɗaya daga cikin 'yan makarantun da hukumar tantancewa ta CNME ta amince da su. Ba su da yawa, daga cikinsu akwai Bastyr a jihar Washinton da reshenta na San Diyego, NUNM a Portland, Jami'ar Sonoran a Arizona, wata a kusa da Chikago, wata a Puwato Riko, sai kwalejin Kanada mai harabobi a Toronto da yankin Vankuva. Karatun shekara 4 ne, aƙalla awa 4,100, kuma 1,200 daga ciki a ɗakin duba marasa lafiya ake yin su ƙarƙashin kulawar malami. Shekara biyun farko sun yi kama da na ɗaliban likitanci: fiɗar gawa, aikin gaɓoɓi, ilmin cututtuka, ilmin magunguna. Biyun ƙarshe ne ake shiga abinci da tsirrai da jinyar ruwa da gyaran ƙashi da nasiha da homiyofati. Akwai jarrabawar ƙasa mai kashi biyu, NPLEX, ɗaya bayan shekara ta biyu, ɗaya bayan kammalawa.

A takarda abin ya yi kama da karatun likita, kuma makarantun suna son a yi wannan kwatance. Inda aka rabu shi ne bayan an karɓi shaida. Likitan asibiti a Amurka ba ya fara aiki shi kaɗai sai ya yi ƙarin horo na shekara 3 zuwa 7 a asibitin koyarwa, yana kwana da masu ciwon zuciya da masu haihuwa da yaran da suka suma. A nan ne ido ke koyon bambanta ciwon kai na gajiya da na sanƙarau. Mai shaidar naturofati ba a wajabta masa wannan horo ba sai a jihar Utah, guraben horon kuma kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda ya duba yana ɗalibi da ƙafarsu suka zo, da ƙafarsu suka koma. Yana iya gama karatu bai taɓa ganin cuta mai kisa tana farawa a gabansa ba, alhali doka a wasu jihohi ta ba shi matsayin likitan farko na iyali.

Lasisin kansa kuma yana da iyaka ta ƙasa. Jihohin Amurka fiye da 20 ne ke ba da shi ko yi wa masu sana'ar rajista. A Oregon da Arizona da Vamont likitan naturofati na rubuta magungunan asibiti masu yawa. A Tenesi da Karolaina ta Kudu yin sana'ar laifi ne. Fulorida ta daina ba da sabon lasisi tun 1959. A sauran wurare kowa na iya rataya allo ya kira kansa mai naturofati, ko da kwas ɗin wata uku ya yi ta intanet. A Kanada larduna irin su Ontariyo da Biritish Kolombiya da Albata suna da hukumomin da ke sa ido. A Indiya digiri ne na shekara 5 da rabi da ake haɗawa da yoga, ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH da aka kafa a 2014, kuma abin yana da daraja a can tun da Mahatma Gandhi ya rungume shi har ya kafa cibiyar jinya a ƙauyen Uruli Kanchan a 1946. A Jamus, inda aka faro, dokar 1939 ta ba mutum damar jinyar jama'a ba tare da wani takamaiman karatu ba, muddin ya kai shekara 25 kuma ya ci jarrabawar da ke nuna ba zai zama haɗari ga lafiyar mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin horo a 2010 inda ta ce kada ya gaza awa 1,500. Suna ɗaya ne, amma abin da ke bayan sunan ya bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci wa tsofaffin ɗalibai tuwo a ƙwarya. Makarantun Amurka duk masu zaman kansu ne. Ɗalibi kan fito da bashin karatu da ya haura dala 200,000, wanda bai yi nisa da na likitan asibiti ba, amma samunsa bai kama ƙafar na likitan ba. Shirin inshorar gwamnatin tarayya na tsofaffi, Medicare, ba ya biyan kuɗin ganin likitan naturofati. Asibitoci ƙalilan ne ke ɗaukarsu aiki. Saboda haka mafi yawansu kansu suke buɗe wa wuri, su biya haya, su nemo masu zuwa, su karɓi kuɗi hannu da hannu. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: wanda ke ba kowane mutum awa guda, mutum nawa zai gani a wuni? Giɓin da ya rage da me za a cike shi? Amsar tana kan kantar da ke bakin ƙofa, inda aka jera kwalaben ƙarin sinadarai, da kuma gwaje-gwaje masu tsada da ƙarin ruwa na bitamin. Likitan da ke rubuta magani kuma shi ke sayar da shi yana cikin jarrabawa kullum, komai tsoron Allahnsa.

Tsaba da tsakuwa a buhu ɗaya

Adalci shi ne a faɗi abin da ke aiki. A 2013 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta wallafa gwajin da aka yi da ma'aikatan gidan waya 246 a Toronto da Vankuva da Edmonton. An bar rabi da kulawar likitansu kawai, rabi kuma aka ƙara musu ganin likitan naturofati a kai a kai tsawon shekara. Waɗanda aka ƙara wa sun fito da ƙarancin haɗarin ciwon zuciya, da tazarar kusan maki 3 cikin 100 a ma'aunin shekara goma. Da aka duba abin da aka yi musu, mafi yawansa nasiha ce a kan abinci da motsa jiki da rage ƙiba, tare da wanda ke bibiyarsu yana tambayar ina aka kwana. Wannan ya dace da babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234: waɗanda aka taimaka wa suka rage nauyi suna tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin 100, masu shan ƙwayar metformin kuwa kashi 31. Likitocin asibiti ne suka yi wannan binciken, sun kuma san sakamakonsa sarai. Lokacin zama a aiwatar da shi ne ba su da shi.

Tsirrai ma ba abin rainawa ba ne. Ita kanta metformin daga wata ciyawar Turai aka samo asalinta. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga tazargaden Sin wata masaniya mai suna Tu Youyou ta ciro shi, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Zoɓon da muke sha da rana an gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010 cewa kofi uku a kullum na mako 6 ya sauke hawan jini da kusan maki 7 ga masu matsakaicin hawa. Amma duk waɗannan sun samu karɓuwa ne domin an auna su, an san adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa.

A cikin manhajar guda kuma akwai homiyofati, wadda Samuel Hahnemann ya ƙirƙiro a 1796. Ana ɗaukar digo ɗaya na sinadari a zuba cikin digo 99 na ruwa, a girgiza, a ɗebi digo ɗaya daga nan a sake, har sau 30 a magunguna da yawa. Tun daga wajen zagaye na 12 lissafi ya nuna da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta sinadarin farko a cikin kwalbar. Ruwa ne ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba nazarce-nazarce 176 ta ce babu wata cuta da ke da ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta ta. Duk da haka ɗalibin naturofati zai zauna a aji ya koye ta, ya biya kuɗin darasin, ya amsa tambayoyinta a jarrabawar lasisi. A ganina wannan ne babban tabon sana'ar: makarantar da ke koyar da ilmin sinadarai da safe ta koyar da kishiyarsa da yamma tana horar da ɗalibi ya daina tambayar ina hujja.

Akwai kuma ruɗin cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. A farkon shekarun 1990 mata kusan 100 a Beljiyam suka samu mummunar lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron aristolokiya bisa kuskure, dangin wanda muke kira madacin ƙasa ko duman dutse. Wasunsu daga baya suka kamu da sankarar mafitsara. Ciyawar St John's wort da ake sha don damuwa tana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, har ta raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki da na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A 2017 wata mata 'yar shekara 30 ta rasu a Kalifoniya bayan wani likitan naturofati ya yi mata ƙarin ruwa da sinadarin kurkum ta jijiya saboda ciwon fata. Kurkum ɗin da ke cikin miya lafiya lau ne, amma jijiya ba tukunya ba ce.

Mafi munin haɗari shi ne jinkiri. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan masu ciwon daji 281 da suka ƙi jinyar asibiti suka zaɓi wasu hanyoyi kaɗai, suka gwada su da 560 da suka karɓi jinyar. Haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau 2 da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura sau 5. Binciken ya shafi kowane irin magani na daban, ba naturofati kaɗai ba, kuma likitocin naturofati da yawa suna tura masu ciwon daji asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Amma ba duka ba. Britt Hermes ta kammala Bastyr a 2011, ta yi aiki kimanin shekara uku, ta ajiye sana'ar bayan ta gano cewa a wurin da take aiki a Arizona ana ba masu ciwon daji wani magani da hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba. Ta koma Jamus ta sake karatun kimiyya, ta shiga rubutu a kan raunin horon da ta samu, har aka ba ta kyautar John Maddox a 2018. Masu sana'ar suna cewa ta yi musu kuɗin goro. Ko da haka ne, wanda ke shirin kashe shekara huɗu da dukiya mai yawa ya kamata ya karanta abin da ta rubuta, ya karanta martanin da aka mayar mata, kafin ya cike fom.

Kowa da irin jikinsa

Kalmar da ta fi yawa a bakin masu naturofati ita ce kulawa da kowane marar lafiya gwargwadon yanayinsa. Abu biyu ne ke fakewa a ƙarƙashin wannan magana, kuma wajibi ne ɗalibi ya rarrabe su.

Na farko shi ne wanda aka auna. Kusan ɗaya cikin biyar na masu sankarar mama ƙullutunsu na ɗauke da wani furotin mai suna HER2 da yawa, su ne maganin trastuzumab ke yi wa aiki, don haka sai an gwada kafin a ba da shi. Kafin a ba mai cuta mai karya garkuwar jiki maganin abacavir akan duba wata alama a ƙwayoyin gadonsa, domin masu ita jikinsu na iya yin mummunan bore. Kafin a ba da primaquine akan duba ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, don kada jinin mutum ya farfashe. A 2019 wani gwaji da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, da mutum 728, ya nuna haɗin magungunan hawan jini da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi. Wannan duk daidaita magani ne da jikin mai shi, kuma asibiti ne ke yin sa.

Na biyu shi ne na zama da sauraro. Mai ciwon suga da ke son yin azumin Ramadan, direban babbar mota da ba ya cin abinci sai a tasha, tsohuwar da ba ta iya karanta rubutun kwalba, matar da ba ita ke yanke abin da za a dafa a gidan ba: kowannensu takarda ɗaya za a rubuta masa, amma ba hanya ɗaya zai bi ya yi aiki da ita ba. Wanda ya zauna ya gano haka ya yi rabin jinya. A nan masu naturofati suka yi fice, kuma a nan ya kamata asibitoci su yi koyi da su.

Matsala tana tasowa ne idan aka yi wa na biyu ado da rigar na farko. Misali gwajin jini na IgG da ake cewa yana gano abincin da jikinka ba ya so. Mutum zai biya kuɗi mai yawa, a miƙo masa takarda mai launuka da jerin abinci ashirin da zai daina ci, ya ji an yi masa abin da ba a yi wa kowa ba. Ƙungiyoyin ƙwararrun likitocin borin jiki na Amurka da Kanada da Turai duk sun ce gwajin ba ya nuna cuta, abin da mutum ya saba ci kawai yake nunawa. Haka nan cewa kowa da irin jikinsa takan zama mafaka idan an tambayi hujja: sai a ce ai hanyarmu ba ta gwaduwa domin kowa daban ake yi masa. Gwajin ma'aikatan gidan waya na Kanada ya rushe wannan uzuri, tunda kowa daban aka yi masa kuma an auna sakamakon.

Idan daga nan za ka tashi

Matashin Kano ko Maraɗi ko Kumasi da wannan sana'a ta burge shi yana da ƙarin tambaya a gabansa: idan ya dawo gida, wa zai amince da takardarsa? A Najeriya hukumar MDCN mai rajistar likitoci da likitocin haƙori ita ce doka ta ɗora wa sa ido a kan masu irin waɗannan hanyoyin jinya, ma'aikatar lafiya ta tarayya kuma tana da sashen magungunan gargajiya da makamantansu. Hukumar NAFDAC tana ba magungunan tsirrai lamba, amma lambar shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa a fili ba, ba shaidar cewa maganin na warkar da abin da aka rubuta a kwalinsa ba. Gana ta yi gaba a wannan fanni: tana da dokar masu maganin gargajiya tun 2000, Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi tana ba da digirin maganin tsirrai tun 2001, ga kuma cibiyar binciken tsirrai ta Mampong da ta daɗe tana aiki. A Afirka ta Kudu Jami'ar Western Cape ta horar da masu naturofati, akwai kuma majalisar da ke yi musu rajista.

A gefe guda, kasuwarmu cike take da masu kiran kansu dakta bayan kwas na 'yan makonni, da masu na'urar da ake ɗora wa tafin hannu ta lissafo cututtuka goma sha biyu a minti ɗaya, da masu lasifika a tasha da magani guda na basir da sanyi da suga da rashin haihuwa. Mai takardar gaskiya zai yi gogayya da su a kan marasa lafiya ɗaya, kuma su ba sa cewa ban sani ba. Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda ke kashe yara ba ta da wurin mai jinyar da ke ɗari-ɗari da allurar rigakafi, ko wanda zai riƙe yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya kwana uku yana ba shi jiƙo.

Ya kamata kuma mai wannan buri ya tambayi kansa abin da yake so tsakani da Allah. Idan zama da mutane ne da gyara musu ci da sha, akwai karatun ilmin abinci mai gina jiki, akwai aikin jinya, akwai gashin ƙashi, akwai likitancin iyali, dukkansu da rajista da aikin yi a gida da waje. Idan tsirrai ne suka ɗauki hankalinsa, tsangayoyin harhaɗa magunguna na jami'o'inmu suna da sashen nazarin magungunan tsirrai, ga cibiyar NIPRD ta Abuja wadda ta samar da Niprisan don masu amosanin jini daga haɗin gargajiya. Idan kuwa duk da haka naturofati ce zuciyarsa ta kwanta da ita, to ya shiga da idonsa biyu: ya riƙe abin da aka auna, ya ajiye abin da ba a auna ba ko da ya ci jarrabawa a kansa, ya nemi ƙarin horo a asibiti ko da ba a tilasta masa ba, ya kuma ƙulla hulɗa da likitocin da zai riƙa tura musu abin da ya fi ƙarfinsa tun kafin ya buɗe ƙofa.

Kafin ka biya ko sisin kwabo, rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da kake son yin aiki, ka ambaci sunan makarantar, ka tambaya ko za ta yi maka rajista da takardarta. Nemi mutum uku da suka gama makarantar shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su nawa suke samu, nawa ake bin su. Idan amsar hukumar ba ta zo a rubuce ba, ka riƙe kuɗinka.